Iyayen Yamai, yaron da ke buga balo ba jarin tsufanku ba ne



Yau da iyaye nake, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Duk mai zagayawa filayen unguwanni da maraice, Boukoki ne ko Talladjé ko Yantala ko Harobanda, ya san abin da ake ciki. Yara 'yan shekara tara, goma, sha biyu suna buga balo, a gefe kuma ga manya sun ja daga kamar masu bin bashi. Yaro ya ɓarar da ƙwallo gaban raga, kafin ya ɗago kai, uban da ya haife shi ya zage shi a bainar jama'a. A hanyar gida ma ba a ƙyale shi ba. Tambayar farko: "Nawa ka ci?" In bai ci ba, ranar ko tuwo da ɗaci zai ci shi.

Haba jama'a! Wannan tarbiyya ce?

Mun san daga ina abin ya taso. Rayuwa ta yi tsada, masu difilom suna zaune a fada suna shan shayi, ga kuma wayar hannu kullum tana nuna mana 'yan ƙwallon Afirka da motoci da gidaje a Turai. Sai uba ya dubi ɗansa mai ɗan iya yanka, ya hango bene. Daga ranar yaron ya zama jari. Za a fara da yafe mishi lakwal ran Laraba saboda horo, sannan ran Alhamis saboda ya gaji, kafin shekarar BEPC ta zo mushe ya manta da fuskarsa.

To mu yi lissafi, tunda maganar jari ake. A Ingila, inda kuɗin ƙwallo ya fi yawa, ɗan jarida Michael Calvin ya ƙiyasta cewa cikin yara maza wajen miliyan 1 da rabi da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyi, 180 ne kawai za su kai Premier League. Can ke nan, inda akwai ciyawa da likita da abinci mai gina jiki. Mu dawo gida. A 1975 aka fara gasar Takobi a Tahoua, Kantou na Maradi ya ɗauka; a yanzu duk zagaye 'yan kokowa 80 ne ke shiga daga jihohi 8, takobi kuma guda ɗaya tal. Kowa ya san sunan Issaka Issaka. Wa ya san sunan wanda gwiwarsa ta goce a zaɓen jiha, ya koma gida ba karatu ba sana'a? Wane ɗan kasuwar Grand Marché ne zai zuba dukan dukiyarsa a ciniki irin wannan? Amma kai ka zuba ɗanka.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ake yi cikin zuciyar yaro. Yaron da ya gane cewa fara'ar ubansa tana rataye da sakamako, da tsoro yake shiga fili. Mai tsoro kuwa ba ya gwada sabon abu: ƙwallo ta zo mishi, sai ya yi maza ya rabu da ita don kar laifi ya faɗo kansa. Zai ɓoye ciwon ƙafa don kar a ce rago ne. Mafi muni, zai taso yana ganin shi ba kowa ba ne sai in ya ci. Ranar da wata ƙungiya ta sallame shi yana ɗan shekara 17, ba ya da inda zai tsaya, don an riga an koya mishi cewa darajarsa a ƙafarsa take.

Ku dubi Norway. Ƙasa ce mai mutane ƙasa da miliyan 6, amma a wasannin Olamfik na hunturu na 2018 a Koriya ta Kudu ta kwashi lambobi 39, ta wuce kowa, galibinsu a tseren zamiya kan ƙanƙara, wanda a wurinsu kamar kokowa yake a wurinmu. Kun san dokarsu kan yara? Tun 1987 suka kafa ƙa'idoji. Ba a fitar da jerin na ɗaya, na biyu, na ƙarshe sai shekarar da yaro zai cika 11. Ba ya shiga gasar zakaran ƙasa sai ya kai 13. In za a ba da kyauta a gasar yara, kowa zai samu. Ana kuma barin yaro ya gwada wasanni daban-daban. Erling Haaland da yaranmu ke sa rigarsa, a wannan tsari ya taso, ya taɓa ƙwallon hannu da guje-guje kafin ya tsaya kan balo.

Na san amsar da za ku ba ni: "Su masu man fetur ne, mu talakawa ne, ƙwallo ce ƙofar fita." To ai shi ya sa! Ɗan Norway in ya faɗi, gwamnati za ta tare shi. Ɗanka in ya faɗi, wa zai tare shi in ba karatunsa ko sana'ar hannunsa ba? Kuma yin shiru a bakin fili ba ya cin ko dala.

Dubi Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya kawo mana azurfa a taekwondo daga Rio a 2016, lambar Olamfik ta farko tun tagullar Issaka Daboré a damben 1972, sannan ya zama zakaran duniya a 2017. Ba a ja shi fili da bulala ba. Mahaifinsa ma hana shi ya yi, bayan wani ɗan'uwansu ya rasu sakamakon rauni a wasan, sai da ya je zama Togo ya koma horo. Son abin a ransa yake. Irin wannan wutar ba a hura ta da zagi.

Sai maganar da ba a so a taɓa. Uba ya je a yi wa ɗansa sabon jugement, a zabge shekara uku don ya shiga cikin ƙanana. Darasin farko da ya koya mishi a wasa ke nan: ƙarya. Alhali tun 2009 FIFA ke duba ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17. Ga kuma masu yawo da jaka suna cewa su wakilai ne, kawo miliyan biyu in kai shi Faransa. Dokar FIFA ta hana cinikin yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya ce ka sayar da fili don a gwada ɗanka, filinka yake so.

Ba na cewa a hana yara wasa. Uban da ke fasa ƙwallo da wuƙa yana cewa aikin 'yan iska ne, shi ma ya kauce hanya, ballantana mai kulle 'yarsa mace da ke son gudu ko taekwondo. Wasa yana koya wa yaro haƙuri da faɗuwa da aiki da 'yan'uwa, abin da allo kaɗai ba ya koyarwa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Masu horo, kar ku karɓi yaro sai kun ga bulletin ɗinsa duk zango, kuma ku ajiye bulala. FENIFOOT da hukumomin wasanni, ku mai da wannan sharaɗi ga duk cibiyar da ke horon yara. Iyaye, ku je kallo, ku tafa wa yaran duka, har na abokan hamayya. In kun kama hanyar gida, ku tambaye shi ko ya ji daɗi, ku saya mishi ruwan sanyi, sannan ku tambaye shi aikin gida na gobe.

Ɗa amana ne, kuma za a tambaye mu. Wanda yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya ajiye hujjarsa a ƙasa. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa musu albarka.