Ƙaramin rance a gonakin shayin Bangaladash: ina kuɗin zai haihu?

A watan Agusta na 2022, ma'aikatan gonakin shayi na ƙasar Bangaladash, kimanin dubu 150, suka ajiye kwandunansu suka shiga yajin aiki. Ladansu na yini a lokacin taka 120 ne, wato bai kai jika guda ta kuɗin sefa ba. Sun nemi a mai da shi 300. Bayan kusan mako uku ana ja-in-ja, firaministar wancan lokaci, Sheikh Hasina, ta zauna da masu gonakin, aka tsaya a kan 170. Galibin masu tsinkar ganyen mata ne, kuma sai mace ta cika awon da aka ɗora mata, kilo ashirin da ƴan kai, kafin a rubuta mata ladan yini cikakke.

Cikin gidajen irin waɗannan mata ne ƙungiyoyin agaji masu ba da ƙaramin rance suke shiga da littattafansu. Ba abin mamaki ba ne, don kuwa Bangaladash ita ce mahaifar wannan dabara. A ƙauyen Jobra ne Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dalar Amurka 27 a 1976, abin da ya haifi bankin Grameen a 1983, har ya kai su ga lambar Nobel a 2006. Ƙungiyar BRAC kuwa a yankin Silet ta fara aiki a 1972, yankin da ya fi ko'ina yawan gonakin shayi a ƙasar.

Ba za a raina amfanin abin ba. Matar da banki bai san da zamanta ba, wadda in ɗanta ya kwanta ciwo ba ta da wurin zuwa sai gidan mai ba da kuɗi da ruwa, ta sami ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba tare da jingina ba, kuma ta san tun ranar farko abin da za ta biya. Wasu sun sayi akuya, wasu keken ɗinki.

Amma ɗan kasuwa ya san jari ba ya haihuwa inda babu mai saye, kuma a nan gizo ke saƙa. Kakannin waɗannan ma'aikata Turawan Ingila ne suka kwaso su daga Bihar da Orisa da wasu sassan Indiya a ƙarni na 19. Da suka yi yunƙurin komawa gida a 1921, sojoji suka far musu a Candifur. Jikokinsu suna nan cikin gonakin, a ɗakunan da ba nasu ba, a kan ƙasar da ba su da takardarta. Zaman iyali a gidan ya dogara ne da samun wani nasu cikin ma'aikatan gonar. Masu gonakin suna cewa suna ba da muhalli da magani da abinci a rahusa, a lissafa duka cikin lada. To, a lissafa. Sai dai matar da ta ci rance ta kasa tebur a ƙofar ɗakinta, su wa za su saya? Maƙwabtanta ne, masu irin ladanta. Kasuwa tana nesa, yini kuma na gona ne.

Saboda haka sau da yawa rancen ba sana'a yake tafiya ba, magani yake tafiya, ko biki, ko cefane, sa'an nan a riƙa yankar biyansa daga ladan mako. In mako ya gaza, a ci wani bashin a toshe na farko. Duk ma'aikacin gwamnatin Nijar da ya ga shekarun da albashi ke yin watanni bai fito ba, yana karɓar shinkafa bashi wajen mai kanti, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Masu bincike ma sun auna. A 2015 aka buga sakamakon nazari shida da aka yi a Indiya da Habasha da Maroko da Meziko da Mongoliya da Bosniya, inda aka ga rancen yana ɗan faɗaɗa sana'a, amma bai fitar da jama'a daga talauci ba. BRAC kanta ta riga ta gane haka: tun 2002 ta fito da wani shiri na matalautan ƙarshe, wanda a cikinsa ake ba mace saniya ko awaki kyauta, da horo, da ɗan tallafin abinci, maimakon a ɗora mata bashi. Akwai kuma hanyar da ƙungiyar CARE ta fara da matan karkarar Maraɗi a 1991, wato Mata Masu Dubara, wadda ta bazu ƙasashe da yawa: mata su zuba nasu, su ranta wa juna, ribar ta zauna cikin asusunsu. Ga mai ƙaramin lada da ke shigowa kowane mako, wurin ajiya mai aminci ya fi sabon bashi amfani.

Ƙungiyar da ke alfahari cewa kusan kowa yana biyan rancenta, ya kamata a tambaye ta da me ake biya. Taka 50 ɗin da yajin aikin 2022 ya ƙara yana shiga kowane gida a kowace ranar aiki, ba mai zuwa karɓarsa ranar biya. Maganar lada da maganar takardar fili su ne ya dace ƙungiyoyin su sa baki a kai, ko da ta hanyar koya wa mata karatu da dokar ƙwadago ne a wurin taron zubi. Abin da ke ɗaure musu harshe sananne ne: gonar tana da mai ita, kuma wanda ke neman yardar manaja kafin ya yi aiki a cikinta, da wuya ya tada zancen lada.