Ajin Intanet: Kafin Ka Tura Kuɗin Rajista, Tsaya Ka Yi Tambaya

Yanzu da wuya ka buɗe WhatsApp ko Facebook ba ka ci karo da tallan wani aji ba. Wannan zai koya maka zanen fosta da waya cikin kwana uku, waccan za ta nuna miki yadda ake shigo da kaya daga ƙasar Sin, wani kuma ya ce sati ɗaya ya ishe shi ya mayar da kai gwanin haɗa manhaja. Kuɗin shiga kaɗan ne, satifiket kuma kyauta. To amma wa ke auna ko an koyi wani abu?

Wannan kasuwa ba haka kawai ta ci ba. Kullen korona na 2020 ya rufe makarantu, yajin aikin ASUU na 2022 kuma ya zaunar da ɗaliban jami'a wata takwas a gida. Matasa suka koma neman ilimi a waya. Ita ma gwamnatin tarayya ta shigo: a ƙarshen 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT, da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani. Buri ne mai kyau, sai dai akwai darasin da ya kamata mu ɗauka daga waɗanda suka riga mu.

A 2019 mujallar Science ta wallafa wani bincike kan darussan da jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suka ɗora a dandalin edX. A zangon 2017 zuwa 2018, kusan mutum 3 ne kacal cikin 100 suka kammala darasin da suka shiga. Ka ji fa, manyan jami'o'in duniya ke nan, masu kuɗi da ƙwararrun malamai. Saboda haka duk wanda ya zo yana alfahari da yawan masu rajista, bai faɗa mana komai ba tukuna. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Matsalar takan faro ne daga tsarin darasin. Malami ya kira aji a Zoom na awa biyu, ya manta cewa ɗalibinsa na Gusau ko Potiskum yana lissafin data ne kamar kuɗin cefane, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ga rashin wuta, ga sabis da ke ɗaukewa ana tsaka da bayani. Wani bincike na 2014 kan bidiyoyin edX ya nuna cewa hankalin masu kallo yakan fara gushewa bayan kimanin minti shida. Ke nan darasi mai ma'ana a wajenmu shi ne gajeren bidiyo da za a iya saukewa da dare lokacin da data ke araha, da saƙon murya, da rubutu mara nauyi da ƙaramar waya za ta buɗe. A kuma yi bayani da Hausa inda ya kamata, don ba kowa ne Turancin YouTube ke shigarsa ba.

Na biyu, dole a ba da aiki kuma a duba shi. Kallon bidiyon ɗinki bai taɓa mayar da kowa tela ba. Idan ajin zane ne, a ce kowa ya zana katin biki ya turo, malami ya nuna masa inda ya yi kuskure. Gurup mai mutum ɗari takwas da malami ɗaya, wanda aka kulle ba mai iya magana sai shi, wannan kam gidan rediyo ne. Shi ya sa jami'ar NOUN ke da cibiyoyin karatu a jihohi, shi ma 3MTT ya haɗa karatun intanet da haɗuwa ido da ido. Mutum yana buƙatar wanda zai tambaye shi: "Ina aikinka na wannan satin?"

Sai batun aunawa. Tun 1959 wani masani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya kawo matakai huɗu na auna horo: shin ɗalibai sun ji daɗinsa, shin sun koyi abin, shin suna aiki da shi, sannan wane sakamako ya haifar. Yawancin azuzuwanmu a matakin farko suke tsayawa. Da an gama sai ka ga an cika sitatus da hotunan saƙonnin "Allah ya saka da alheri, Malam". Godiya abu ne mai kyau, amma ba ta nuna ko bayan wata uku wani ya samu kwastoma ɗaya da abin da ya koya. Wannan tambayar ce ya kamata 'yan jarida su riƙa yi wa shirye-shiryen gwamnati ma: nawa suka gama, nawa suka samu aiki?

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ku tura kuɗi ku tambaya. Me zan iya yi da hannuna idan na gama? Wa zai duba aikina? Data nawa zai ci? Ina ayyukan ɗaliban da suka wuce? Malamin kirki ba zai ji haushi ba, zai ma turo muku misalai. Wanda ya ce ku yi sauri gurbi biyar ya rage, ku bar shi da gurabensa. Ranar da mai ba da aiki zai zaunar da ku gaban kwamfuta, ba zai nemi satifiket ba, cewa zai yi: "Bismillah, yi mu gani."