Raddi Ga Masu Neman A Kafa Mana Hukumar Tace Waƙa Irin Ta Kano

Akwai wata magana da ke yawo a ƙasarmu ta Arawa, daga majalisun dattawan Kore Mairuwa har Tibiri da Dogon Dutsi: wai waƙoƙi da fina-finan da ke kwararo mana daga Najeriya sun lalata yara, maganin kuwa shi ne gwamnati ta kafa hukumar tacewa irin ta Kano, ta haramta na haramtawa, ta ɗaure na ɗaurewa. Masu faɗin haka iyaye ne da malamai, kuma damuwarsu tawa ce. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, abin da ke shiga kunnen yaro ba abin wasa ba ne. Sai dai maganin da suka kawo, Kanawa sun sha shi fiye da shekara ashirin, kuma kowa na iya duba abin da ya yi musu. Bari mu bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce hukuma za ta tsare yara daga batsa. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, bayan ƙaddamar da shari'a. Tana da shekara shida da kafuwa lokacin da abin kunyar da ya fi girgiza Kano ya auku, a 2007. Me ya faru? Wani hoton tsiraici ne da aka ɗauka da wayar salula a cikin ɗaki, ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ba fim ba ne, ba a kai shi teburin kowa ba, ba shi da furodusan da za a ƙwace wa lasisi. Duk da haka masana'antar fim ce ta biya bashin: gwamnatin Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka ɗaure Adam A. Zango wata uku a kan kundin Bahaushiya. Hoton kuwa yana nan cikin aljihun samari. Wancan zamanin Bluetooth ke nan. Yau yaron Kore Mairuwa da ya sayi intanet na dala ashirin yana isa TikTok da YouTube ba tare da ya bi ta Yamai ko Doso ba. Ko a watan Mayu 2025, da hukumar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, waɗanda hannunta ya kai gare su su ne masu ofis da suna da adireshi. Mai batsa na gaske ba ya kai kansa a tace shi.

Hujja ta biyu ce na fi tsoro, don ita ce ta fi daɗin ji: wai in an ɗora mutanen kirki a kan hukumar, ba za a yi zalunci ba. To, mu duba waɗanda aka kama a Kano. A ƙarshen Disamba 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta tura Hamisu Lamiɗo Iyantama gidan kaso a kan fim ɗin Tsintsiya, fim da ke kira ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu, kuma mutumin ya tsaya takarar gwamnan Kano a 2007. Daga baya babbar kotu ta rushe hukuncin, amma ya riga ya kwana a ɗaure. A 2009 aka haramta waƙoƙi 11 a zama guda, aka kuma kama Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, a kan Hasbunallahu, waƙar da addu'a ce a kan masu zalunci. Wace tarbiyyar yaro ce ta ɓaci da addu'a? Gwamnati ta sauya, hali bai sauya ba. A 2017, zamanin Abdullahi Ganduje, an gurfanar da Sadiq Zazzaɓi bayan ya yi wa Kwankwaso waƙa. A 2019 aka kama Naziru M. Ahmad, Sarkin Waƙar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu, ana tsakiyar rikicin gwamna da sarki. A takarda laifin su biyun ɗaya ne, sakin waƙa ba tare da an tace ba. Nan ne haɗarin yake: dokar da ta ce kowace waƙa sai an kai ta an sa mata hannu, ta mai da kusan kowane mawaƙi mai laifi, sannan ta bar wa mai mulki zaɓin wanda zai kama. Kada a ce wannan halin Najeriya ne. Mu ma an yi mana dokar laifukan intanet a 2019, kuma cikin shari'o'inta da suka fi amo akwai ta ƴar jarida Samira Sabou, wadda aka tsare a watan Yuni 2020.

Na uku suna cewa kiɗa da waƙa haramun ne gaba ɗaya, don haka babu zancen wannan na yara wancan na manya. Ina girmama wanda ya ɗauki wannan fatawa ya yi aiki da ita a gidansa. Amma mas'alar ta saɓani ce tun da daɗewa. Imam Gazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan ladubban saurare, Ibn Hazm ya halatta, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin ƴan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Annabi (SAW) bai bari a hana su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa, a cikin Najmul Ikhwan, ya sassauta a kan kayan kiɗa, ya ja kunnen almajirai game da tsananta wa jama'a a inda malamai suka saɓa. Abin da magabata ba su haɗu a kansa ba, ba a miƙa wa jandarma ya zartar.

Na huɗu, wai domin kare al'adunmu ne. Al'adar wa? Wannan ƙasar Lugu da Bagaji ce, ƙasar goge da kirarin ƴan kokowa da waƙoƙin daka. Shata ya yi A Sha Ruwa, Barmani Coge ta yi waƙoƙin amada da ba a rera su gaban suruki. Ma'aunin da ake son a kafa, in an yi gaskiya da shi, su zai fara kayarwa.

Amma ku lura da yadda iyayenmu suka yi da irin waɗannan waƙoƙi, domin nan ne amsar hujjarsu ta ƙarshe take, wato cewa sa wa waƙa ko fim alamar shekarun da suka dace da shi, maimakon haramta shi, dabarar Turawa ce. Amada tana da wurinta, cikin gida, tsakanin matan aure. Tatsuniya tana da lokacinta da masu sauraronta. In hira ta kai wani matsayi, sai a aiki yaro ɗebo ruwa. Ba su kashe waƙar ba, sun tsare ƙofa. Addini ma haka ya koyar: Suratun Nur ta bambanta yaron da bai balaga ba da wanda ya balaga wajen neman izinin shiga ɗaki, hadisi kuma ya sa shekara 7 da shekara 10 a matsayin matakan koyar da salla da raba makwanci. Turawa daga baya suka zo wannan wuri. Amurka ta bar tsarin hana fim ta koma alamar shekaru a 1968, ta fara manna gargaɗin iyaye a jikin faifan waƙa bayan zaman majalisar dattawanta na 1985. Duk mai kallon tashoshin Faransa ya san lambobin nan na kusurwar allo, 10 da 12 da 16 da 18. Hukumar tace fina-finai ta tarayyar Najeriya, wadda aka kafa a 1993, ita ma tana da irin nata.

Za su ce alama ba ta hana yaro kallo, har ma takan ja shi. Haka ne, in babu babba a kusa. Haramcin ma bai hana ba. Waƙoƙin da aka haramta a 2009 sai da suka fi yaɗuwa. Bambancin shi ne alama tana ba uba da uwa bayanin da za su yi aiki da shi, ba ta kuma kai mawaƙi gidan kaso don ya ɓata wa gwamna rai. Wanda ya yi batsa da ƙaramin yaro, ko ya yaɗa tsiraicin ƴar mutane, ko ya yi ƙazafi, wannan mai laifi ne, kuma kotu na nan, da shaida da lauya da damar ɗaukaka ƙara. Ba a buƙatar sabuwar hukuma kafin a hukunta shi.

Ƙofofin da waƙa ke shigowa garinmu sanannu ne, kuma mutanenmu ne ke tsaye a bakinsu: mai cajin waya da ke tura waƙoƙi a memori, mai gidan kallo, mai sauti a gidan biki, gidan rediyon karkara, da uban da ya saya wa ɗan shekara 12 babbar waya bai taɓa buɗe ta ba. Ina kira ga magajin gari da hakimai da limamai da malaman lakwal da shugabannin fada-fadan samari su zauna da waɗannan mutane. A yarda cewa mai turi zai ware na yara daban, gidan kallo zai sa lokacin da ƙananan yara za su tashi, rediyo zai ajiye waƙoƙin manya sai dare ya yi. A kuma nemi mawaƙa da masu fim su riƙa rubuta shekarun da aikinsu ya dace da su tun daga farkonsa. Malamai ku ci gaba da wa'azi, haƙƙinku ne, muna kuma saurare. Amma kada ku roƙa mana hukumar da ta ɗaure Iyantama ta kama Alan Waƙa.