RA'AYINMU: Farfaɗiya Tsakanin Tawakkali da Camfi

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, kaɗan ne daga cikin cututtuka camfi ya dabaibaye kamar farfaɗiya. Da zarar ta kayar da bawan Allah a kasuwa, sai jama'a su watse, wai yawunsa yana yaɗa ta. A cire yaro daga makaranta, yarinya ta rasa mijin aure, a yi ta yawo da su gidajen bokaye da 'yan bori. Wasu har wuta ko rijiya suke faɗawa saboda an guje su.

Alhali kuwa farfaɗiya ba a ɗaukarta daga mutum. Larura ce ta ƙwaƙwalwa, wadda doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko buguwar kai kan haifar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace.

Ba mu musun samuwar aljannu, amma jingina musu kowace faɗuwa magana ce ba da ilimi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar matar nan mai farfaɗiya da ta zo wa Annabi (S.A.W.): bai kore ta ba, ya yi mata bushara da Aljanna a kan haƙurinta, ya kuma roƙa mata sutura. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya ce mai yiwuwa tata irin ta jiki ce.

Wanda ya ɗauki ciwonsa sammu zai ƙarar da dukiyarsa wajen boka, ya zargi dangi, ya jefa tauhidinsa cikin haɗari. Wanda kuwa ya ɗauke shi jarrabawa mai magani zai haɗa addu'a da asibiti, ya dawwama a kan ƙwayoyinsa, domin yanke su farat ɗaya yana dawo da faɗuwa.

Don haka muna kira ga limamai su faɗakar a huɗubobinsu: wanda ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a nisantar da shi daga wuta, kada a cusa masa cokali a baki. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.