Tafarnuwa Ba Ta Jiran Mai Zuwa Hutu

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ta Ikko, ko Sabon Badun, ko Anaca da Fatakwal, ya san kuɗin da ake aikawa gida ba su cika daɗewa ba. Yau a aika, gobe a ce sun tafi wajen cefane. Alhali kuwa akwai abin da ɗan kuɗi kaɗan zai iya kafawa a bayan ɗaki, ya rage wa iyali tsadar kayan miya, har ya kawo rara, watau shukar tafarnuwa. Sai dai ita tana da lokacinta, kuma a nan ne mafi yawan mazauna Kurmi suke kuskure.

A ɗauki Kuru misali, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, kusa da Bukur da Vom. An fi saninta da makarantar nan ta koyar da manyan ma'aikata dabarun mulki, wadda aka kafa a 1979, da kuma tashar binciken dankalin Turawa. Abin da ya sa dankali ya karɓi wannan ƙasa shi ne sanyi, domin tudun ya ɗara mita 1,200 bisa teku. To, wannan sanyin shi ne abin da tafarnuwa take bukata kafin ta yi kai. Ga kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda masu lambu suka daɗe suna ban ruwa da su da rani. Amma duk da haka sunan tafarnuwa ya fi fita a ƙasar Sakkwato, irin su Wurno, da ƙasar Kano, inda sanyin bai kai na Jos daɗewa ba. Dogara ga dankali shi kaɗai kuwa yana da haɗari, kamar yadda aka gani a damunar 2022, sa'ad da cutar ruɓewar ganye ta yi masa mummunar ɓarna a Jihar Filato.

Lokacin shuka shi ne da zarar ruwa ya ɗauke, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Tafarnuwa takan ɗauki wata 4 zuwa 5 kafin ta nuna. Wadda aka shuka a Nuwamba takan sha hunturun Disamba da Janairu, ta yi ganye sosai, ta ɗaura kai, a cire ta wajejen Maris ƙasa na bushe. Mutumin da ya ce sai ya je hutun ƙarshen shekara zai sa a yi aikin, ya makara. Shukar Janairu za ta gamu da zafin Maris tun ba ta ƙosa ba, sa'an nan ruwan Afrilu ya same ta a ƙasa ta ruɓe. Saboda haka kuɗin iri a farkon Oktoba ya kamata su isa gida.

Aikin kansa ba mai wuya ba ne. A zaɓi wurin da rana take samu, wanda ruwa ba ya kwanciya, a kafce shi da kyau, a gauraya shi da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A fasa kan tafarnuwa ranar shuka, a tsince manyan ƙwayoyi masu ƙwari, ƙananan a kai su madafa, gama ƙaramar ƙwaya ƙaramin kai take bayarwa. Kada a ɓare ɓawon. A dasa kowace ƙwaya tsininta na duban sama, zurfin inci 1 zuwa 2, tsakaninta da 'yar'uwarta inci 4, tsakanin layi da layi inci 8. A lulluɓe da busasshiyar ciyawa don riƙe laima, a riƙa ban ruwa daidai kima, a kuma cire haki da hannu, domin ganyenta siriri ne, ba ta iya gasa da ciyawa. In ganye ya soma ja da baya yana bushewa, a tsai da ruwa kamar mako 2, a tone, a shanya a inuwa mai iska. Wadda ta bushe da kyau takan yi watanni a rataye, ba kamar tumatir ba, wanda sai an sayar da shi ko da a wulaƙance.

Wani zai ce ai ga manyan farare cike da kasuwar Mile 12, me zai hana a aika da su gida a shuka? Yawancinsu daga ƙasar Sin suke, wadda take noma fiye da kashi biyu cikin uku na tafarnuwar duniya, kuma sun saba da yanayin da ba irin na Nijeriya ba. Sau da yawa sai su yi ganye su ƙi yin kai. Irin gida, ƙanana masu ƙarfin ƙamshi na Sakkwato da Kano, shi ne abin dogara. Wani kuma zai ce ya shuka a gwangwani a bayan shagonsa na Ikko. Ba laifi, zai sami ganyen da zai sa a miya, amma zafi da laimar Kurmi ba sa bari ta yi kan kirki.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shelar ciyar da ƙasa, a 1980 kuma ta Alhaji Shehu Shagari ta kawo shirin bunƙasa noma, ta farkon tana kira ga kowa ya noma bayan gidansa. Shirye-shiryen sun wuce, kiran bai tsufa ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Kurmi ba lalle ne gida ya bar shi ba, muddin yana tuna watan shuka kamar yadda yake tuna watan biyan haya. In Oktoba ya kama, a aika wa uwargida ko ƙane kuɗin mudu guda na iri, tare da bayanin yadda za a yi. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka, amin.