Wasan Haɗa Hoto

Wajen 1766 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira bisa katako, ya yayyanka ta don yara su harhaɗa. Mafarin wasan nan ke nan.

Gara uba ya saya wa ɗansa shi da ya saya masa alewa. Alewa narkewa take yi, wasan kuwa yana koya wa yaro da babba haƙuri. Amma in an karya kuɗinsa, a ƙirga gutsattsarin tukuna. In guda ya ɓace, hoto ya lalace. Araha ba ta ado.

Marar kuɗi ya zana Zamfara bisa kwali, ya yanka ƙananan hukumominta 14. Yaron da ya sa Bukkuyum tsakanin Anka da Gummi da hannunsa ba zai manta ba.