Ƙofar Da Aka Daina Bi, A Toshe Ta

A Limanti, tsohuwar unguwar nan da ke maƙwabtaka da fadar Shehun Borno a Maiduguri, magidanci mai hankali ba ya barin ƙofar baya da aka daina bi. Yakan kira magini ya toshe ta, domin ƙofar da mutanen gida suka manta da ita, ɓarawo bai manta ba.

Wannan hikima ta shafi ofisoshin zamani. Ma'aikatu da yawa suna ajiye sunayen ma'aikatansu da izinin shigarsu a rumbun intanet na wani kamfani, kamar Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory. Domin ma'aikaci ya iya yin aikin ofis daga nesa, akan girka wata 'yar manhaja a kwamfutar ofis, ta zama mahaɗi tsakaninta da rumbun. Kowane mahaɗi kuwa ƙofa ce.

Bisa tsarin Microsoft, mahaɗin da ya yi kwana 10 bai motsa ba yakan fita daga jerin da kansa. Amma manhajar tana nan cikin kwamfutar, sai mai kula da na'urori ya cire ta da hannunsa. Saboda haka duk ofishin Maiduguri da ya sauya kwamfutoci bayan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024, ya kamata ya binciki tsofaffin kafin a gyara su ko a kai su kasuwa.

Sakaci irin wannan yana da tsada. A ƙarshen watan Afrilu 2021 'yan damfara suka kutsa cikin kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wata tsohuwar hanyar shiga daga nesa, wadda aka daina amfani da ita amma ba a rufe ba. Bututun ya tsaya kwanaki, aka yi dogayen layukan mai, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Don haka wajibi ne kowane shugaban ma'aikata ya sa a lissafa mahaɗan da ke aiki, a rubuta sunan mai kula da kowanne, wanda ba shi da mai shi kuwa a cire shi. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye.